Kafin a Jinginar da Fadama Saboda Digirin Bayoteknoloji

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Tudun Wada, baffana ya ja ni gefe zuwa inuwar wata rumfar masu shinkafa. Ya ciro wayar ɗansa daga aljihu, gilashinta a tsage an liƙe da salatif, ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini wannan, ɗana. Ƙanenka ya ce sun ba shi." Na karanta. Gurbin karatu ne a jami'a, sai dai ba likitancin da yaron ya nema ba ne. An mayar da shi wani kwas mai suna bayoteknoloji. Baffa ya gyara zaman hularsa yana murmushi, ya ce, "An ce mini ai ƙanen likitanci ne, a ƙasar Turawa ma ya fi shi kuɗi. Na riga na yi magana da wanda zai karɓi jinginar fadamar nan ta bakin rafi."

Gabana ya faɗi, domin karo na uku ke nan a kakar nan da na ji wannan magana. Na ji ta a Kwanar Dangora daga bakin wani mai sayar da taki, na ji ta a Rantan wurin suna, yanzu ga ta ta shigo gidanmu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan gargaɗi ga iyaye da ɗalibai na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa tun abin bai zama yayi ba. Don Allah kada wanda ya sayar da gona, ko ya jinginar da fadama, ko ya kai shanun huɗa kasuwa saboda wannan digiri, sai ya zauna ya yi lissafi da alƙalami da takarda. Digirin bayoteknoloji ba ya ba mutum lasisin aikin asibiti. Masu ɗaukar ma'aikata a fannin kaɗan ne a ƙasar nan. Kuma digirin farko shi kaɗai da wuya ya kai mai shi ga irin aikin da ake kwaɗaita masa.

Hanyar da abin yake shigowa gidajenmu kusan ɗaya ce. Yaro ya ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, amma guraben likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya ƙayyadaddu ne, hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i su ne ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Waɗanda suka rage, kuma su ne mafi yawa, sai a rarraba su zuwa kwasa-kwasan kimiyya. Yaron yana jin nauyin ya koma gida ya ce bai samu ba, mai shagon kwamfuta kuma yana ce masa, "Danna kawai ka karɓa, ai duk layi ɗaya ne." Sai ya danna. Uban kuma bai taɓa jin sunan kwas ɗin ba, amma sunan yana da nauyi a baki, kuma tun annobar korona ta 2020 kowa ya ji labarin ɗakunan gwaji da kamfanonin rigakafi da suka kwashi dukiya. Da gida ɗaya ya yi, maƙwabci ya ji ɗan wane yana karatun "likitancin zamani", shi ma ya fara duban gonarsa.

Ba raina ilimin nake yi ba, kuma ba zan yarda a raina shi a gabana ba. Bayoteknoloji fasaha ce ta sa abu mai rai, ko ƙwayar halittarsa, ya yi wa mutum aiki. Duk mai ciwon suga da ke allurar insulin yana cin moriyarta. A da daga jikin shanu da aladu ake tatso maganin, sai a 1978 kamfanin Genentech na Amurka ya sa ƙwayoyin bakteriya suka riƙa samar da irin na ɗan Adam, a 1982 aka amince a fara sayar da shi. Ba sai mun je Amurka ba ma. A Samaru ta Zariya, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa sun shafe kusan shekara goma suna gwaji kafin su fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda ke ɗauke da kariya daga tsutsar nan da ke cinye fure da kwanson wake. An samo kariyar ne daga wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi a nan Kano a Yunin 2021. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka amince da masarar TELA, iri huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda Farfesa Rabiu Adamu ya jagoranci aikinsu a cibiyar, don jure fari da tsutsar masarar da ta shigo mana a 2016. Duk wanda ya taɓa buɗe zuciyar masara a Doguwa ya ga yadda tsutsar nan ke mayar da ita kamar garin katako ya san wannan aiki ba wasa ba ne.

To amma a tsaya a duba su wa suka yi aikin. Farfesoshi ne da masu digirin digirgir da ƙwararrun ma'aikatan ɗakin gwaji, tawaga ce ƙarama, da tallafin kuɗi da fasaha daga ƙungiyar AATF mai hedikwata a Nairobi da wasu cibiyoyin ƙasashen waje. Iri ɗaya da mutane kaɗan suka ƙirƙira yana isar manoma miliyoyi. Haka fannin yake: amfaninsa yana da faɗi, amma ƙofar aikinsa ƙunci gare ta. Ribar waken nan ta tafi ga manomin da ya rage sayen maganin feshi, da kamfanin da ya sami izinin ninka irin ya sayar, da dillalin da ke da shago a kasuwa. Ba a buɗe wata masana'anta da ta kwashi ɗaruruwan masu digirin farko ba.

Maganar lasisi ita ce ta fi ci mini rai, domin a nan ne ake yaudarar iyaye, wani lokaci ma ba da gangan ba. Mu a Bebeji muna da misali a ƙofar gida. Reshen Makarantar Horar da Lauyoyi yana nan a Bagauda. Wanda ya gama digirin shari'a ya zo nan ya ci jarrabawa, za a rantsar da shi, kuma daga ranar ba wanda ya isa ya tsaya gaban alƙali a matsayin lauya sai irinsa. Takardarsa katanga ce da ta kewaye masa sana'a. Haka likita, haka mai haɗa magunguna, haka ma'aikaciyar jinya. Aikin gwajin jini da fitsari a asibiti shi ma yana da tasa katangar. Dokar 2003 da ta kafa hukumar MLSCN ta sa ba mai yin wannan aiki sai wanda hukumar ta yi wa rajista, kuma hanyar zama cikakken masanin gwajin asibiti ita ce digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, na shekara biyar, da shekara guda ta horo bayansa. Ana yin wannan digiri a Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da wasu jami'o'in. Wannan kwas daban, bayoteknoloji daban. Yaron da ya gama bayoteknoloji, ko da ya fito da sakamako mafi daraja, ba zai buɗe ɗakin gwajin jini a Kiru ko Kafin Maiyaki da wannan takarda ba, ba zai sa hannu a sakamakon mara lafiya ba. In ya yi, ya karya doka, kuma ya sa ran mutane a haɗari.

Na gaya wa baffa wannan a rumfar, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai an ce daga baya zai iya juyawa ya koma likitancin." Akwai masu samun hakan, amma su nawa ne? Canjin kwas a cikin jami'a zuwa likitanci yana hannun gurbi da maki, kuma gurbin nan shi ne tun farko ya yi ƙaranci. Wanda ya gama digirin sannan ya sake neman shiga, wasu shekaru biyar ne ke gabansa, da sabon kuɗi. Ba a ɗora makomar gida a kan "wataƙila".

Sai maganar inda aikin yake. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bunƙasa bayoteknoloji, NABDA, a 2001, wadda yanzu ake kira NBRDA. Akwai NBMA da aka kafa da dokar 2015 don sa ido kan irin da aka sauya wa halitta. Akwai NAFDAC, akwai cibiyar Samaru, akwai reshen IITA da na ICRISAT a Kano, akwai Cibiyar Binciken Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, akwai kamfanonin iri a Kano da Zariya, da kamfanonin abinci da magunguna. Jerin yana da daɗin ji. Amma kowace shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye dubban masu digiri a bayoteknoloji da 'yan uwansa, wato nazarin ƙananan halittu da nazarin sinadaran jiki da nazarin tsirrai, kuma duk layi ɗaya suke bi a ƙofofin nan. Hukumomin gwamnati sai su yi shekaru ba su buɗe ɗaukar aiki a fili ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidun mutanen da suka ce sun biya miliyoyi don a ba su takardar aiki a ma'aikatun tarayya. Ina tsoron ranar da uban da ya jinginar da fadama don digiri zai sayar da gonar tudu don sayen aiki, a kuma damfare shi.

Kamfanonin rigakafin da muka ji labarinsu lokacin korona ba a nan suke ba. Ɗakin haɗa rigakafi na gwamnati da ke Yaba a Legas, wanda a da yake samar da rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, an rufe shi tun 1991 da niyyar gyara, kuma rigakafin da ake ɗiga wa 'ya'yanmu daga waje yake zuwa, mai yawa daga Indiya. Cibiyar Vom ta Filato tana haɗa na dabbobi, amma ita ma gida ɗaya ce. Mutanen Riruwai sun fi kowa sanin wannan yanayi. Kuza tana nan a ƙarƙashin duwatsunsu, akwai dattawan da suka ƙware a aikin rami, amma tun da kamfanin haƙar ya tsaya shekaru da dama da suka wuce, ƙwarewar ba ta ciyar da mai ita kamar da.

Yanzu a ɗauko alƙalami. A takarda, digirin shekara huɗu ne. Amma ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati kafin 2020 ya zauna a gida wata tara a yajin aikin malaman jami'a na wannan shekara, ya sake zaman wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A ƙara jiran kiran bautar ƙasa, da shekarar bautar ƙasar kanta, da digiri na biyu wanda kusan duk aikin bincike ke nema, shi ma shekara biyu in an yi sa'a. Yaron da ya bar Burji ko Yaryasa yana ɗan shekara 19 zai iya kaiwa 27 ko 28 kafin ya tsaya a ƙofar aikin da ya dace da karatunsa, kuma duk tsawon lokacin nan daga rumbun gida ake ciyar da shi.

Kuɗin ma ba ya tsayawa inda aka same shi. A 2023, bayan cire tallafin mai, jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta ware Naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. Wanda ya yi lissafin shekara huɗu da farashin shekarar farko ya yi kuskure tun daga tushe. Ga kuɗin ɗaki, ga abinci, ga kuɗin mota daga Dadin Kowa ko Falgore zuwa birni da dawowa, ga kwamfutar da ba makawa sai an saya. A ɓangaren shigowar kuɗi kuwa, manoman masara na Doguwa da masu shinkafa na Tudun Wada sun gani da idonsu a 2025: farashin hatsi ya faɗi, buhun taki ya ƙi sauka. Kuɗin makaranta ba ya jiran kasuwa ta gyaru.

Wasu za su ce ai akwai bashin karatu na NELFUND. Gaskiya ne, kuma ya fi jingina sauƙi nesa ba kusa ba, ina ma ba da shawarar a neme shi kafin a taɓa gona. An fara shi a 2024, ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati, yana kuma ba da Naira 20,000 a wata na kashewa. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma bashi sunansa bashi. Ɗalibin da ya karɓi kuɗin kashewar nan na wata 40, an bi shi Naira 800,000, ban da kuɗin rajista. In ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na jihar Kano, Naira 71,000, abin da za a riƙa cirewa Naira 7,100 ne a wata. Sai ya haura shekara tara yana biyan wannan kaso kaɗai. Ya kamata yaro ya san haka kafin ya sa hannu, uba ma ya sani.

Ita kuwa jingina, kowa a yankinmu ya san yadda take. Ka karɓi kuɗi, mai kuɗin ya shiga gonar yana nomawa yana kwashe amfanin har ranar da ka mayar masa da kuɗinsa cif. Ban da ma maganar da malamai suka daɗe suna yi kan cin amfanin gonar jingina, a duba lissafin kawai. Fadamar baffa ita ce ke ba shi tumatir da albasa da rani, ita ce kuɗin da yake samu a lokacin da rumbu ya fara sauka. In ya jinginar da ita, kuɗin zai biya shekarar farko, wataƙila da rabin ta biyu. Shekara ta uku fa, da me za a biya, alhali abin da ke kawo kuɗin yana hannun wani? Daga nan sai sa, sai ɗan uwan san, sai gonar tudu. Na ga gidan da aka bi wannan tsani har ƙasa, kuma ƙannen yaron mata biyu aka cire daga sakandare don a ƙarasa masa.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a rasit. Bayoteknoloji aikin hannu ne. Ana koyonsa ne a tsaye gaban tebur, da safar hannu, ana auna ɗigon ruwan da bai kai ƙwayar gero ba. Wata ƙanwata ta wajen uwa ta yi wannan kwas a wata jami'a da ba zan ambata ba. Na kai mata ziyara tana aji uku, ta kai ni ɗakin gwajinsu. Na'urar PCR, wadda ke ninka ƙwayar gado don a iya karanta ta, tana nan a kan tebur an lulluɓe ta da leda, ƙura ta kwanta a kan ledar. Firijin da ya kamata ya riƙe sinadarai a daskare a buɗe yake, ba wuta, an ajiye littattafai a ciki. Ta ce mini ranar da aka nuna musu aikin na'urar su fiye da hamsin ne suka kewaye malami ɗaya, ita daga baya take leƙe. Da ta zo aikin binciken kammalawa, aka ce ta sayi sinadaran da kuɗinta. Da dala ake sayensu, dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Sai ta haɗa kuɗi da ƙawayenta suka aika samfurin wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a kudu, aka turo musu sakamako ta waya, suka manna a littafi. Bayan bautar ƙasa wani kamfanin abinci ya kira ta ganawa. Mai tantancewar bai tambaye ta komai daga littafi ba, ya miƙa mata ɗan bututun ɗibar ruwan gwaji ya ce ta auna masa. Hannunta ya yi ta rawa. Ta kira ni tana kuka a tashar mota. Yarinyar nan haziƙa ce, ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Yanzu tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar kuɗi, a kan albashin da bai kai na ɗan bautar ƙasa ba, wanda yanzu yake karɓar Naira 77,000. Koyarwa sana'a ce mai daraja, amma da tun farko ita aka nufa, da digirin ilimi ta yi, wanda zai ba ta rajistar malanta kai tsaye ba tare da ta sake biyan kuɗin wata difloma ba.

Masu cewa ai a waje ake cin kuɗin fannin ba su yi ƙarya ba, sai dai a tambayi ta wace hanya ɗan Tsaudawa ko ɗan Zainabi zai isa can. Gwamnatin Kano ta buɗe guraben tallafin digiri na biyu 1,001 a 2023, zuwa Indiya da Yuganda, kuma sharaɗin shi ne sakamako mai daraja ta ɗaya. Mutum nawa ne a aji ke fita da shi? Tallafin jami'o'in Turai da Amurka kuma yana neman wanda ya taɓa aiki da hannunsa a ɗakin gwaji, da malamin da zai tsaya masa. Ko a Amurkar, kamfanonin fannin sun yi ta sallamar ma'aikata daga 2022, bayan kuɗin da ya kwararo lokacin korona ya ja baya. Sannan a yi hattara da dillalan da ke yawo da takardu masu sheƙi na makarantun maƙwabtan ƙasashe, suna cewa shekara uku an gama, ba yajin aiki. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Kwas da ke buƙatar ɗakin gwaji, in aka ce za a yi shi a bene mai ɗaki huɗu, an riga an gaya maka abin da za ka samu.

To wa ya kamata ya yi karatun? Yaron da shi da kansa yake son sa, wanda za ka gan shi yana tambayar me ya sa wannan masarar ta jure ƙuduji waccan ta mutu, wanda ya san tafiyar mai tsawo ce har digiri na biyu ko na uku, kuma gidansu zai iya ɗaukar nauyinsa daga abin da gona ke bayarwa ba tare da an taɓa gonar ba. Irin wannan yaro muna buƙatarsa ƙwarai, kuma zan fi kowa murna in ga ɗan Doguwa a cikin masu fitar da iri na gaba a Samaru. Shi ma kafin ya danna karɓa, a je makarantar ƙafa da ƙafa. A tambaya ko hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi. A nemi a ga ɗakin gwajin, a duba ko akwai sola ko janareta da ke riƙe firij. A tare ɗan aji huɗu a waje, ba gaban malami ba, a ce masa, "Tsakaninka da Allah, sau nawa ka taɓa na'urar nan da hannunka, kuma ina yayyenku da suka gama suke aiki?" A tambayi inda ake tura ɗalibai horon wata shida na sanin makamar aiki, domin sau da yawa wannan wata shidan ne ke raba wanda zai sami aiki da wanda ba zai samu ba. In amsoshin ba su gamsar ba, jira shekara guda a sake JAMB ba abin kunya ba ne. Akwai digirin aikin gona, inda ake koyon kiwon iri, akwai likitancin dabbobi, akwai kwasa-kwasan makarantun fasahar lafiya irin wadda ke nan Bebeji, waɗanda ke ƙarewa da rajistar sana'a cikin lokaci kaɗan da kuɗi kaɗan.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne wannan. A yankinmu, in har ilimin nan zai zama kuɗi, a gona zai zama. Kamfanonin iri suna neman manoman da za su ninka musu iri mai tsabta bisa ƙa'idar hukumar kula da iri ta ƙasa, kuma irin shuka ya fi hatsin ci daraja a buhu. Masu noman rani daga Tiga har Kadawa suna buƙatar dashen tumatir mai lafiya da aka rena a faranti, musamman tun bayan da tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta share gonaki a 2016. Masu waken suya suna buƙatar wanda ya fahimci garin bakteriyar nan na NoduMax da ake shafa wa iri don ya ɗaure saiwa ya rage buƙatar taki. Masu masara da gyaɗa da ke son sayar wa manyan kamfanoni suna buƙatar wanda ya san gubar funfuna da yadda ake amfani da Aflasafe a kare amfanin gona daga gare ta. Masu kiwon kifi a kewayen Tiga da Bagauda suna buƙatar mai ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa da ba sa mutuwa a mako na biyu. Duk waɗannan ayyuka ne da mai ilimin bayoteknoloji zai fi kowa iyawa in ya koyi aikin hannu, kuma kowannensu yana neman fili da ruwa da ɗan jari. Wato fadamar da ake shirin jinginarwa ita ce wurin da digirin zai yi aiki in yaron ya dawo. In ta tafi, zai dawo da takarda ya tarar ba inda zai dasa ko tsiro ɗaya.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a huɗuba a makonnin nan da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu ke fitowa. Ina roƙon shugabannin sakandare na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su tara 'yan aji shida da iyayensu, su kira tsofaffin ɗalibansu da suka yi irin waɗannan kwasa-kwasai su faɗi gaskiyar abin da suka tarar. Dagatai da masu unguwanni kuma, ku ne ake kira shaidar jingina da cinikin gona. In mutum ya zo ya ce don karatun yaro ne, ku ce masa, "Malam, wane karatu ne, kuma shekara ta uku da me za ka biya?" Tambayar ba za ta ɓata zumunci ba.

Baffa ya yarda ya dakata. Ranar Litinin da asuba zan ɗauke shi da ƙanen nawa mu je mu ga ɗakin gwajin da idonmu, mu kuma tsaya a shagon kwamfuta a cike masa takardar NELFUND in ya yanke shawarar tafiya. Amma mai takin nan na Kwanar Dangora na kira shi jiya da daddare, ya ce mini an riga an zaga iyakar gonarsa da igiya, ranar Laraba za a sa hannu a gaban mai unguwa. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Talata in zo mu zauna da yaron.